Bishop Samuel Ajayi Crowther: Dattijon da 'Yan'uwa Suka Juya wa Baya

  A yau za mu buɗe tarihin ikkilisiya a ƙasarmu, mu yi magana a kan yashewa, da kaɗaici, da shan wuya domin waɗansu.

Wahalar da take samun mai bi iri biyu ce. Akwai wadda take zuwa daga waje: tsanani, kurkuku, ƙone gida, korar mutum daga gari saboda sunan Yesu. Wannan mun san ta, iyalai da yawa a cikinmu sun ɗanɗana ta. Akwai kuma wadda take tashi daga cikin gida, sa'ad da waɗanda kuke cin Jibin Ubangiji tare suka juya maka baya. Ba mu cika yin wa'azi a kan ta biyun ba, gama tana ba mu kunya. Amma Dauda ya yi kuka a kanta cikin Zabura 55. Ya nuna cewa zagin maƙiyi abu ne da zai iya jurewa. Abin da ya karya masa zuciya shi ne abokin da suka saba zuwa ɗakin Allah tare.

Mutumin da za mu duba shi ne Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da aka naɗa bishop a ikkilisiyar Anglika. An yashe shi sau biyu. Da farko yana yaro, a hannun masu cinikin bayi. Na biyu yana tsoho, a hannun 'yan'uwansa Kirista.

Yaron da aka musaya da doki

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarbawa, a yankin da yake Jihar Oyo yanzu. Lokacin daular Oyo tana rushewa, yaƙi ya cika ƙasar, kowane yaƙi kuma yana ƙarewa da kamun bayi. A farkon 1821 mayaƙa suka kewaye Osogun da safe, suka ƙone garin. Aka kama Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, aka sa musu igiya a wuya. Bai ƙara ganin mahaifinsa ba. Ba da daɗewa ba aka raba ganima, aka raba shi da uwarsa.

Daga nan ya zama kayan kasuwa. An musaya shi da doki, da dokin bai gamsar ba aka mayar da shi. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, wani lokaci a bakin taba da barasa, har ya kai Legas a hannun Turawan Fotugal. Cikin wasiƙar da ya rubuta a 1837, inda ya ba da labarin kansa, bai ɓoye ba cewa baƙin ciki ya kai shi ga ƙoƙarin kashe kansa a kan hanya. Yaro ne ɗan shekara 12 ko 13, ba uwa, ba uba, ba wanda ya san sunan gidansu.

A watan Afrilu 1822 aka sa shi cikin jirgin bayi tare da mutum fiye da 180. Jirgin bai yi nisa ba jiragen yaƙin Ingila suka tare shi, gama Ingila ta hana cinikin bayi tun 1807. Yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Da suka ga naman alade a rataye cikin jirgin Turawan, sai suka zaci naman 'yan'uwansu ne. Aka kai su Saliyo, inda ake sauke bayin da aka 'yanta. A can Ajayi ya koyi karatu cikin 'yan watanni. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limami na Landan, Samuel Crowther. A 1827 ya zama ɗaya daga cikin ɗaliban farko na makarantar Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan, ita ma baiwa ce da aka 'yanta.

Wanda ya karanta Farawa 37 zai tuna da Yusufu. Mutane suka sayar, Allah kuwa yana shirya hanya. Yashewa ta farko ke nan, kuma ita ce mai sauƙin yin wa'azi a kanta, gama ƙarshenta ya yi daɗi.

Allah ya mayar masa da uwarsa

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiki jirage uku su hau Kogin Kwara. Ƙungiyar mishan ta CMS ta sa mutum biyu cikin tafiyar: wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, da Crowther. Aka ce su koyi Hausa domin tafiyar. Zazzaɓi ya faɗa wa jiragen, Turawa kimanin 40 suka mutu. Schön ya koma ya gaya wa shugabanninsa cewa idan ana so bishara ta shiga cikin ƙasar, sai dai 'yan Afirka su kai ta. Ya kuma ba da shaida mai kyau a kan abokin tafiyarsa. Aka kira Crowther zuwa Ingila, aka naɗa shi limami a 1843.

A 1846 ya isa Abeokuta tare da wani Baturen mishan, Henry Townsend. Bai yi wata guda a garin ba aka kawo masa wata tsohuwa. Mahaifiyarsa ce, Afala, bayan shekara 25 da rabuwa. A 1848 aka yi mata baftisma da suna Hannatu, uwar Sama'ila. A waɗannan shekaru ya duƙufa kan juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, aikin da aka kammala cikin shekarun 1880. Mu da muke jiran Littafi Mai Tsarki cikin harsunanmu, ko muka same shi bayan dogon jira, mun san nauyin wannan aiki. A 1851 ya tsaya gaban Sarauniya Victoria ya karanta Addu'ar Ubangiji da Yarbanci.

Bishop a bakin Kwara

A 1854 ya sake hawa kogi tare da Likita William Baikie, suka shiga Binuwai. A wannan tafiya kowa yana shan maganin kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. A 1857 aka kafa Mishan ɗin Kwara. Aka bar wani limami, John Christopher Taylor, a Anacha, Crowther kuwa ya ci gaba zuwa arewa. Jirginsu mai suna Dayspring ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace. Ya yi watanni a ƙasar Nufe yana jiran wani jirgi, bai zauna a banza ba, ya shiga koyon Nufanci. Daga baya ya buga littafin koyon karatu da na nahawun harshen.

Babban sakataren CMS a Landan a lokacin shi ne Henry Venn. Ra'ayinsa shi ne ikkilisiya a kowace ƙasa ta ɗauki nauyin kanta, ta mallaki kanta, ta yaɗa bishara da kanta, Turawan mishan kuma su matsa gaba. Saboda haka ya nace a naɗa Crowther bishop. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babbar majami'ar Kantabari, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Amma tun daga ranar akwai tsaga a bangon. Townsend, wanda suka shiga Abeokuta tare, ya ƙi yarda Bature ya zauna ƙarƙashin bishop baƙar fata. Saboda haka aka tsara abin yadda Turawan mishan na ƙasar Yarbawa ba su shiga ƙarƙashinsa ba. Mutumin da ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci aka tura shi kan kogi, inda shi ma baƙo ne.

Ya karɓi aikin haka. Ma'aikatansa 'yan Afirka ne, yawancinsu daga Saliyo, albashinsu kaɗan, horonsu ma kaɗan, suna warwatse daga Bonny da Brass a bakin teku har Anacha da Lakwaja da Egga. Bishop ba shi da jirgi nasa na shekaru da yawa, sai ya jira jirgin 'yan kasuwa. A 1867 wani sarki mai suna Abokko ya kama shi tare da ɗansa Dandeson a bakin kogi, ya tsare su yana neman kuɗin fansa. Wani jami'in Ingila daga Lakwaja, William Fell, ya zo ya kuɓutar da su. Suna gudu zuwa jirgi aka harbe Fell da kibiya mai dafi, ya mutu. A Bonny kuma, a 1875, aka kashe wani bawa mai bi, Joshua Hart, aka jefa shi cikin ruwa domin ya ƙi cin abin da aka miƙa wa gumaka.

Da Musulmi kuwa Crowther ya zauna da ladabi. Ya ziyarci Etsu Masaba a Bida sau da yawa. Ya koya wa ma'aikatansa su guji gardamar da ba ta da amfani, su amsa tambaya da kalmomin Littafi Mai Tsarki. Amincin ya kai har cikin shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa wasiƙa, yana roƙonsa ya kai kukan Nufawa ga Sarauniyar Ingila a hana kawo barasa cikin ƙasarsu. Sarki Musulmi ya ga bishop Kirista mutum ne da za a ba wa amana.

Iska ta juya

Yanzu ku lura da yadda kaɗaici yake zuwa wa tsoho. Ba a rana ɗaya yake zuwa ba. Henry Venn, wanda ya tsaya masa a Landan, ya rasu a 1873. Matarsa Susan ta rasu a 1880, bayan zaman aure na kimanin shekara 50. Mahaifiyarsa ta rasu a 1883. Schön, abokin tafiyarsa ta farko, ya rasu a 1889. Waɗanda suka san inda ya fito da abin da ya sha suna ta raguwa.

Duniya ma tana sakewa. Tun da kwinin ya rage mutuwar Turawa, ba su ƙara ganin dole sai da 'yan Afirka ba. A 1879 George Goldie ya haɗa kamfanonin Ingila na kan kogi suka zama ɗaya, wanda ya zama Kamfanin Royal Niger a 1886, ya ture 'yan kasuwar Legas da Saliyo daga kogin. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙasashen Turai suka shirya yadda za su raba Afirka. Ra'ayin cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba ya yi ƙarfi a Turai, ya kuma shiga ikkilisiya. A 1878 aka kawo wa mishan ɗin jirgin ruwa mai suna Henry Venn, amma aka sa shi a hannun wani Bature wanda ba limami ba ne, tare da sha'anin kuɗi. Sannu a hankali ana zare iko daga hannun bishop, ana barin masa suna da riga.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai laifi na gaske cikin Mishan ɗin Kwara. Waɗansu ma'aikata sun shiga ciniki har suka manta da aikin da ya kawo su. Waɗansu sun faɗi cikin sha da lalata. A Anacha, a ƙarshen shekarun 1870, wata yarinya ta mutu saboda dukan da waɗansu masu alaƙa da mishan suka yi mata, aka yi musu shari'a a Saliyo aka hukunta su. Crowther mutum ne mai taushin hali, yakan ba mai laifi zarafin tuba, ba ya son korar mutum sai da shaida tabbatacciya. Wani lokaci haƙurin nan ya yi yawa. Sai dai akwai ma'aikata masu aminci da yawa waɗanda suka binne matansu da 'ya'yansu a bakin kogin nan, aka haɗa su da masu laifi aka shafa musu baƙin fenti ɗaya. A 1880 aka aiki wani Bature ya yi bincike, ya rubuta rahoto cike da zargi, ba a kuwa ba waɗanda aka zarga cikakken zarafin ganin abin da aka rubuta a kansu ba.

Taron Anacha

A 1890 waɗansu samari Turawa suka iso kan kogin. A zamanin nan Turawa suna kiran dukan ƙasashen da suke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa, da suna Sudan. Shi ya sa muke jin kalmar cikin sunayen SIM da SUM. Burin samarin shi ne su kai bishara ƙasar Hausa, suka mai da Lakwaja sansaninsu. Jagoransu Graham Wilmot Brooke ne, ɗan shekara 25, tare da John Alfred Robinson. Wani kuma, F. N. Eden, ya zama sakataren mishan na ɓangaren kudu.

Kada mu ɗauka mugaye ne marasa tsoron Allah. Sun bar dukiya da jin daɗi. Sun sa rigunan Hausa, suna cin abincin ƙasa, suka ce ba sa son gwamnatin Ingila ta kāre su idan aka kama su. A shirye suke su mutu. Amma sun zo da ma'auni ɗaya a hannu, wanda bai yi daidai da shi ba kuwa a wurinsu ba Kirista ba ne. A Lakwaja suka cire sunayen masu bi da yawa daga littafin ikkilisiya, suka hana su Jibin Ubangiji. Aka ɗauke Henry Johnson, babban limamin da yake kula da ɓangaren arewa, masani wanda ya yi karatun Larabci ya kuma yi fassara zuwa Nufanci. Ginin makarantar horon ma'aikata da aka sha wuya aka gina a Lakwaja, aka sayar wa kamfani.

A watan Agusta 1890 kwamitin kuɗi na mishan ya zauna a Anacha. Bishop ne shugaban taron, yana da kimanin shekara 80. A gabansa samarin nan suka yi ta karanta zargi a kan ma'aikatansa, sakataren kuma ya shiga dakatar da limaman da bishop ya ɗora wa hannu da kansa. Crowther ya nuna musu cewa bisa ga tsarin ikkilisiyarsu, sakatare ba shi da ikon dakatar da limami daga aikin limanci, wannan hakkin bishop ne. Ba su saurare shi ba. Har ɗansa Dandeson, babban limamin yankin bakin teku, aka ce an dakatar da shi a wurin. Dattijon ya sauka daga shugabancin kwamitin. Shugabannin CMS a Landan, ƙungiyar da ya bauta wa fiye da shekara 60, ba su tsaya masa yadda Venn zai tsaya ba. Ma'aikata 'yan Afirka da yawa suka rasa aikinsu.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mutumin da ya fara hawa kogin nan tun 1841, shekara 24 kafin a haifi Brooke, shi ne aka mayar kamar wanda bai san aikinsa ba.

Me ya yi? A nan ne tarihin yake da nauyi. Legas ta ɗauki zafi. Edward Blyden ya zo garin a ƙarshen 1890 yana kira a kafa ikkilisiyar 'yan Afirka zalla, a 1891 kuma waɗansu suka fita suka kafa tasu. Da Crowther ya ɗaga yatsa ɗaya, da dubbai sun bi shi. Bai yi ba. Bai kuma yi shiru kamar wanda ya yarda da zalunci ba. Ya rubuta wa Landan amsa a kan zarge-zargen cikin natsuwa, ya kuma goyi bayan shirin ikkilisiyoyin bakin teku na su ɗauki nauyin kansu, su biya limamansu da kuɗinsu, ba tare da sun bar zumuntar Anglika ba. Ya ci gaba da aiki a Bonny har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a 1891. Aka kai shi Legas. Ya rasu ranar 31 ga Disamba 1891.

Abin da ya biyo baya

Samarin ma ba su daɗe ba. Robinson ya mutu a Lakwaja a watan Yuni 1891, ya riga bishop ɗin. Brooke ya mutu a can a watan Maris 1892, bai kai shekara 30 ba. Ba su kai ƙasar Hausa ba. Kada wani ya ce Allah ne ya rama wa Crowther. Ciwo irin wannan ya kashe Walter Gowans a Girku da Thomas Kent a Bida a 1894, su kuwa ba su zalunci kowa ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne abin da Bulus ya koya cikin 1 Korintiyawa 13, cewa mutum zai iya ba da ransa ɗungum, amma idan ƙauna ba ta ciki, bai ci ribar kome ba. Ɗaya daga cikin Turawan da suka zauna a taron Anacha, Henry Dobinson, ya daɗe a ƙasar har ya san mutanen. Daga baya ya fito fili ya nemi gafara a kan abin da suka yi.

A watan Afrilu 1892 ikkilisiyoyin bakin teku suka fara tsayawa da ƙafafunsu ƙarƙashin Dandeson, wanda ya rayu har 1938. Amma a kujerar Crowther aka sa Bature. 'Yan Afirka irin su Isaac Oluwole, Charles Phillips da James Johnson, matsayin mataimakin bishop kawai aka ba su. Sai a 1952, bayan shekara 60, 'yan ƙasa suka sake riƙe dayosis na Anglika a Nijeriya. Ko ƙasusuwansa ba su zauna wuri ɗaya ba. A 1971 gwamnatin Legas ta karɓi filin maƙabartar Ajele inda aka binne shi, daga baya aka sake binne shi a harabar babbar majami'ar Kristi da take Marina. A watan Yuni 2014, shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Kantabari, Justin Welby, ya yi sujadar godiya da tuba a majami'ar da aka naɗa shi, ya amince a fili cewa an zalunce shi. Neman gafarar ya zo bayan fiye da shekara 120.

Akwai wani abu cikin tarihin nan da ya shafi littafin da yake kan teburinmu. Schön, abokin Crowther, bai daina aikin Hausa ba. Da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu ya juya littattafan Bishara, ya buga ƙamus a 1876. Bayan mutuwar Robinson kuma, abokansa a Ingila suka kafa ƙungiyar nazarin Hausa domin tunawa da shi. Ɗan'uwansa Charles Henry Robinson ya isa Kano a 1894, ya kuma rubuta ƙamus na Hausa. A kan irin waɗannan ayyuka Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka ɗora, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Wato littafin da kakanninmu suka koyi karatu da shi, akwai gumin abokin Crowther a ciki, akwai kuma gumin gidan wanda ya zarge shi. Allah ya yi aiki da dukansu. Wannan bai wanke laifin da aka yi a Anacha ba.

Me tarihin nan yake gaya mana?

Na ɗaya, yashewa ba alama ce cewa Allah ya rabu da mutum ba. Ubangijinmu da kansa ya bi ta wannan hanya. A Getsamani ya roƙi almajirai uku su yi tsaro tare da shi, suka yi barci. Da aka kama shi duka suka gudu (Markus 14). Wanda ya bashe shi, tare suka ci abinci a daren. A kan gicciye ya ɗauki kalmomin farko na Zabura 22 ya yi kuka da su ga Uban. Kaɗaicinsa ya fi na kowa, gama zunubin duniya yake ɗauke da shi, wannan kuwa ba wanda zai taya shi. Saboda ya shiga wannan duhu domin mu, mai bi ba ya shiga nasa shi kaɗai. Bulus ya gaya wa Timoti cewa a ranar shari'arsa ta farko ba ko mutum ɗaya da ya tsaya masa, ya roƙa kada a lasafta musu wannan, sa'an nan ya shaida cewa Ubangiji ya tsaya kusa da shi ya ƙarfafa shi (2 Timoti 4:16-17). Gwauruwa da take jin mu ita kaɗai a ɗaki, da saurayin da danginsa suka kore shi saboda bangaskiya, wannan magana taku ce.

Na biyu, haƙurin Kirista ba ya hana faɗin gaskiya. Crowther ya faɗa wa taron cewa abin da suke yi ba daidai ba ne, ya kuma rubuta. Abin da ya ƙi shi ne ramuwa, da yayyaga jikin Kristi domin a wanke sunansa. Bitrus ya nuna mana wannan gurbi cikin 1 Bitrus 2, inda Ubangiji bai rama zagi ba, ya bar shari'arsa a hannun mai shari'ar gaskiya. Mu kuwa sau nawa ikkilisiyoyinmu suka rabu biyu saboda zaɓen shugaba, ko saboda an ɗauke fasto ɗan ƙabilarmu? Sau nawa muka kai juna kotu a kan fili da kujera?

Na uku, wannan shi ne mafi wuyar ji. Idan muka karanta tarihin nan, kowa yakan sa kansa a wurin Crowther. Ba wanda yake ganin kansa a kujerar waɗanda suka zarge shi. Amma su ma masu addu'a ne, masu kishin tsarki, sun tabbata Allah suke bauta wa. Bishara ta hau duwatsunmu ta shiga ƙauyukanmu ne a ƙafafun masu bishara 'yan ƙasa, waɗanda suka yi noma da rana suka koyar da karatu da dare. Waɗansunsu suna da rai har yanzu. Ba su da digiri, Turancinsu kaɗan ne. Yaya muke yi da su sa'ad da 'ya'yanmu suka dawo daga makarantar tauhidi? Fasto da ya yi ritaya, wa yake zuwa gaishe shi bayan an gama bikin sallama? Matar mai bishara da mijinta ya mutu a bakin aiki, ina ta koma da aka karɓi gidan mishan? Idan an kawo ƙarar dattijo, muna neman shaidu biyu ko uku kamar yadda 1 Timoti 5:19 ya umarta, ko jita-jitar bakin kasuwa ta ishe mu? Idan kuma wani daga ƙaramar ƙabila ya cancanci shugabanci, muna yarda mu zauna ƙarƙashinsa, ko muna yin abin da Townsend ya yi?

Shan wuya domin Kristi abin daraja ne ga wanda ya sha. Ga wanda ya jawo wa ɗan'uwansa wahalar kuwa, zunubi ne da yake bukatar tuba. Kada mu ce wa wanda muka yashe ya ɗauki gicciyensa, alhali mu ne muka sassaƙa masa shi.

Saboda haka muna roƙonku, 'yan'uwa, kafin Lahadi mai zuwa kowane gida ya tuna da mutum ɗaya da ya yi wa ikkilisiyarku wahala, wanda yanzu ba a jin sunansa. Ku je ku gaishe shi. Ku kai masa ɗan hatsi idan akwai, ku zauna ku ji labarinsa. Zumuntar mata da ta matasa su sa wannan cikin shirinsu. Idan akwai wanda muka zalunta a taron majalisa, mu nemi gafararsa tun yana da kunnen ji, kada mu bar wa jikokinmu su yi a kan kabari.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ba ka yashe Ɗanka cikin kabari ba, ka dubi bayinka da suke zaune cikin kaɗaici a wannan dare. Ka tsaya kusa da su. Ka gafarta mana inda muka juya wa 'yan'uwanmu baya, ka ba mu ƙarfin hali mu koma wurinsu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.